Fender Rumble 100 a dandalin Jos: abin da za ta iya da inda ƙarfinta ya tsaya

Rumble 100 amfilifaya ce ta jitar bes, ta kamfanin Fender, mai ƙarfin wat 100, da lasifika guda mai faɗin inci 12 ƙirar Eminence, duka a akwati ɗaya. Samfurin da ake kira V3 ya fito tun 2014, kuma shi ne aka fi gani a hannun makaɗa, sabo ko na hannu. Nauyinta kusan kilo 10 ne kacal. Mutum ɗaya zai rataya jita a baya, ya ɗauke ta da hannu guda, ya shiga Keke daga Tudun Wada zuwa Bukuru ba tare da neman mai taya shi ba. Wanda ya taɓa jan tsohuwar amfilifaya mai nauyi irin Peavey TNT 115 zuwa saman bene ya san darajar wannan.

Hukuncina a kanta shi ne: ta dace ƙwarai da mai bes ɗin coci, da na biki a zaure, da na wurin atisaye, muddin ya ɗauke ta a matsayin abin da zai ji kansa da shi a dandali, ya bar wa manyan lasifikun gaba aikin cika wuri. Wanda ya saye ta don ta cika fili ita kaɗai zai ɓata kuɗinsa, ya kuma ƙona lasifikarsa.

Sauƙin nauyin ya zo ne daga irin injin da ke ciki. Ba ta da katon tiransifoma irin na tsofaffin amfilifaya, tsarin Class D take amfani da shi, mai ƙananan kaya a kan allo. Wannan alheri ne ga baya, amma yana da farashinsa, kuma zan dawo kansa idan an zo maganar wuta.

Maɓallanta suna sama, inda mai kaɗi zai gan su yana tsaye. Akwai Gain, da sashen Overdrive, wanda ke sa sauti ya yi kaushi, mai Drive da Level, da maɓallan gyaran murya huɗu, wato Bass, Low-Mid, High-Mid da Treble, sai Master. Kusa da Gain akwai ƙananan maɓallai uku na dannawa: Bright, Contour da Vintage. A nan ne mafi yawan masu ita ke ɓata sautinsu.

Contour shi ne tarkon. Idan ka danna shi a ɗaki kai kaɗai, sautin zai yi kauri a ƙasa, ya yi ƙyalli a sama, ka ji kamar ka sayi amfilifaya mai ninkin kuɗinta. Abin da yake yi shi ne rage muryar tsakiya. To muryar tsakiyar nan ita ce kunnen jama'a ke kamawa ya gane wane sauti kake bugawa. Da zarar mai ganga ya sa ƙafa, mai fiyano kuma ya saki hannunsa na hagu, sai bes ɗinka ya ɓace, a riƙa jin gurnani ba a jin kiɗa. Daga nan sai mai bes ya ƙara Master, ya ƙara Bass, lasifikar ta fara tari, har yanzu kuma bai ji kansa ba. Maganin ba ƙarin ƙara ba ne. Kashe Contour. Ɗauki maɓallan kamar hannun agogo: fara da duka huɗun a ƙarfe 12, ka kai Low-Mid wajen ƙarfe 1 zuwa 2, ka sauko da Bass ƙarfe 11 idan zauren mai tayil ne ko rufin kwano ba silin, kamar yadda ɗakunan sujada da yawa suke a unguwanninmu. Irin waɗannan wurare suna riƙe sautin ƙasa su yi ta jujjuya shi, don haka abin da ka rage a amfilifaya ɗakin zai cike maka.

Vintage na fi so a cikin ukun. Yana sassauta saman sautin, ya ɗan danne bugun da ya yi tsalle, abin da ke dacewa da waƙoƙin sujada masu natsuwa da kiɗan hailaif. Idan ka haɗa shi da jitar bes samfurin Precision ta Fender sai ka samu sauti mai zagaye da ke zama daidai ƙarƙashin muryoyin mawaƙa. Bright kuma na masu marin tsirkiya da babban yatsa ne, sai dai Rumble 100 ba ta da ƙaramar lasifikar sama irin wadda ke jikin Rumble 200 da 500, saboda haka kada a sa ran tsananin kaifi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin rashi ba, don yana rage ƙarar gogar yatsa a kan tsirkiya. Overdrive ɗin yana aiki, amma a irin kiɗan da ake yi a nan ba kasafai za ka buƙace shi ba, kuma madannin ƙafarsa daban ake sayensa.

Mashigar jita guda ɗaya ce, babu maɓallin rage ƙarfi don jitar da ke amfani da batir. Idan taka mai batirin bolt 9 ce, fara da Gain a ƙasa, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, ka nemi ƙara a Master. In kuma ka ji sautin na karcewa alhali maɓallan suna inda ka saba barinsu, kafin ka zargi amfilifaya canza batir. Barin wayar jonawa a jikin jita bayan an tashi daga atisaye shi ke shanye shi, domin shigar wayar ce ke kunna da'irar.

Masu tsirkiya biyar su lura. Tsirkiyar E a sake tana kaɗawa ne a wajen haz 41, wato sau 41 a daƙiƙa, ta B kuwa, wadda ita ce ta biyar ɗin, kusan haz 31. Lasifika ɗaya mai inci 12 a ƙaramin akwati za ta ba ka B ɗin nan a matsakaicin ƙara, a ji shi sarai, amma ba za ta girgiza ƙirji da shi ba. In ka matsa mata da Bass a ƙarfe 3 da Master a sama, takardar lasifikar za ta riƙa kai wa ƙarshen tafiyarta. Da ka ji "faf-faf" a kan B ko E, ka rage nan take, wannan gargaɗi ne.

Abin da ya sa na ce ta cancanci kuɗinta yana baya: mafitar XLR, wato soket mai ƙafa uku irin na wayar makirufo, zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa ta aika manyan lasifiku, da maɓallin Ground Lift na kashe gunjin wuta a gefenta. Da wannan, a babban coci ko zauren biki a Rayfield, ka ajiye ta a bayanka a kan kujera ko ka ɗan jingina ta tana kallon kunnenka, waya guda ta tafi wurin mai miksa. Ajiye ta a ƙasa tana busa wa idon sawunka shi ne babban dalilin da ke sa makaɗi ya yi ta ƙara murya har ya dame masu waƙa. Kada kuma a cusa ta a kusurwar bango, kusurwa na kumbura sautin ƙasa.

Amma akwai gazawa a nan da ya kamata mai saye ya sani. Babu maɓallin da zai ba ka zaɓin aika sautin jita tsantsa kafin ya bi ta gyaran murya. Abin da ka murɗa a saman amfilifaya shi mai miksa zai samu. In ka ƙara Bass ko Gain a tsakiyar waƙa don ka ji daɗi, ka canza wa zaure duka sauti. Hanya biyu ce: ko ku daidaita da mai miksa lokacin gwaji ka cire hannunka daga maɓallan, ko ka sayi ƙaramin akwatin DI mai raba sautin jita gida biyu, jita ta shiga cikinsa, XLR ya tafi miksa, ɗaya mafitar ta zo Rumble. Ta biyun ta fi, kuma ko amfilifayar ta mutu a tsakiyar taro jama'a za su ci gaba da jin ka.

Idan gunji ya taso bayan an haɗa da miksa, ga yadda ake gano tushensa. Rufe ƙarar da ke jikin jita gaba ɗaya. In gunjin ya tafi, daga fikof ɗin jitar yake, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya. A jita irin Jazz Bass, buɗe fikof biyun daidai wa daida yana kashe mafi yawansa. In gunjin ya zauna, matsalar ta ƙasa ce tsakanin soket ɗinka da na miksa, sai ka danna Ground Lift, ko ku jona kayan biyu a layin wuta ɗaya. Abin da ba a yi, ko da wasa, shi ne karye ƙafar filogi ta uku. Tsirkiyoyin jita suna haɗe da ƙasan amfilifaya, hannunka na kansu, leɓenka na kusa da makirufo. Wannan ƙafar ce ke tsakaninka da jan wuta.

Maganar wuta ita ce ta fi kashe waɗannan amfilifayoyi a ƙasar nan, ba kiɗa ba. Wutarmu bolt 230 ce. Rumble ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka ta bolt 120 ce, kuma babu maɓalli a bayanta da za ka juya. Da yawa daga na hannun da ke shigowa ta Legas daga can suke. Kafin ka taɓa kuɗi, juya bayanta ka karanta rubutun da ke kusa da mashigar wuta. In 120V ka gani, dole sai da tiransifoman sauke wuta, wanda ƙarfinsa ya ninka abin da aka rubuta tana ja, kuma ka ɗaure shi da wayarta ta yadda wani mai taimako ba zai zare ya jona kai tsaye ba. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙona allon. Shawarata a nemi ta 230V ko da ta ɗan fi tsada.

Ko ta 230V ce, ta bi ta sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, ta 1000VA ta wadatar. Lokacin da za a koma janareta ko a dawo wutar gari, a sauke Master a kashe ta, a bari injin ya daidaita kafin a kunna. Kada ta raba janareta ƙarami da firiza ko injin ruwa, tashinsu na jan wuta ƙasa ya sake ta da ƙarfi. Dalilin wannan tsantseni shi ne gyara. Tsohuwar amfilifaya mai tiransifoma kusan kowane ƙwararren mai gyaran rediyo a wajen Terminus zai iya canza mata taransisto. Allon Class D kuwa sau da yawa sai dai a sauya shi ɗungurungum, a jira a kawo daga nesa.

In ta hannu za ka saya, je da jitarka da wayar jona ta. Buga kowane sauti daga E a sake har gaɓa ta bakwai, a hankali, da ƙara mai ɗan yawa, kana sauraron kaɗawar da ba ta kiɗa ba. Wani lokaci ragar gaba ce ta saki, wannan ƙaramin abu ne. In kuwa karcewar na biye da sautin ko a ƙaramar murya, nadin lasifikar ya taɓu, a bar ta. Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarar yashi a ciki ƙurar hunturu ce, feshin goge maɓalli na cire ta, kuma hujja ce ta neman ragi. Nemi a jona XLR da miksa a gabanka, a gwada mashigar abin sa wa a kunne, sannan a bar ta a kunne kamar minti 20 kana kaɗawa, don wasu laifuffukan sai ta yi ɗumi suke bayyana.

Game da 'yan uwanta, Rumble 40 mai lasifika 'yar inci 10 tana da XLR ita ma, ta isa gida da ƙaramin atisaye, amma mai ganga mai nauyin hannu zai binne ta. Rumble 200 mai inci 15 wat 140 take bayarwa ita kaɗai, sai an ƙara mata akwatin lasifika mai om 8 take kai 200, kuma ninka wat ba ya ninka abin da kunne ke ji, ƙarin desibel 3 ne kawai. Ita Rumble 100 ba ta da mafitar ƙarin akwati sam, yadda ka saye ta haka za ta tsaya. Saboda haka wanda yawancin aikinsa taron wa'azi ne a fili, ko bikin da ake kafa rumfa a waje kuma miksar wurin ba ta da manyan lasifikun ƙasa, ya daure ya tara kuɗin Rumble 500 mai lasifika biyu 'yan inci 10. Tana ba da wat 350 ita kaɗai, 500 da ƙarin akwati, nauyinta kuma bai kai kilo 17 ba.