Sharhi kan littafin da ya koya mini karatun nota nan take a saksofon

Mu da muka tashi a ƙungiyar kiɗan coci a Jos, da kunne muka koyi busa. A rera maka waƙa sau biyu, ka ɗauke ta, in ta yi wuya a rubuta maka do-re-mi a bayan takarda. Kunne yana kai mutum nesa, amma a jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, akwai wurin da ba ya cetonka: mai jarrabawa zai ajiye maka gajeren kiɗan da ba ka taɓa gani ba, ya ba ka rabin minti ka duba, sannan ka busa. Wannan sashe maki 21 ne cikin 150, kuma 14 ake nema a ci shi. Tun da 100 ne makin cin jarrabawar gaba ɗaya, 120 kuma yabo, wanda ya zubar da waɗannan 21 ya jawo wa kansa wahala.

Malamina ne ya haɗa ni da Improve Your Sight-Reading! na saksofon, wanda Paul Harris ya rubuta, kamfanin Faber Music ya buga. Da shi na yi shirin mataki na 3, kuma na gamsu da shi ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni, littafin ba ya barinka ka kai saksofon baki da wuri. Kowane babi da atisayen bugu yake farawa: ƙafa tana riƙe da lokaci, hannu yana tafa abin da aka rubuta. Da farko na ga kamar wasan yara ne. Ashe nan gizo ke saƙa. Yawancin tuntuɓen da nake yi ba daga rashin sanin nota ba ne, daga tsawonta ne, musamman mai ɗigo a gefe da 'yan wuraren da ake yin shiru. Bayan tafi sai gajerun layukan busa, sai kiɗan da aka sa wa tambayoyi a kai: a wane key aka rubuta shi (wato wace nota ce do), ina bugun ya maimaita kansa, yaya yanayin kiɗan yake. Daga ƙarshe a sake ka kai kaɗai. Waɗannan tambayoyi su ne suka zame mini jiki, har na iske ina yi wa kaina su a cikin rabin mintin nan ba tare da na yi niyya ba.

Akwai wani wuri da duk mai saksofon ya sani, tsallakawa daga C na tsakiya zuwa D. Yatsa ɗaya ke ƙasa, sai kwatsam shida su sauka tare, babban yatsan hagu kuma ya danna maɓallin da ke ɗaga murya. In ido bai hango shi tun daga nesa ba, sai an tsaya. Yanzu da zarar an ba ni takarda, irin wannan wuri nake fara nema, in taka shi da yatsu shiru, in kuma zaɓi inda zan ja numfashi. Littafin ya sa idona ya riƙa gaba da yatsuna, kuma ya cire mini ɗabi'ar komawa baya in gyara nota. Masu jarrabawa sun fi daraja wanda ya ci gaba da tafiya da kuskure ɗaya ko biyu a kan mai tsayawa yana gyara.

Sai dai a sani, kowane atisaye sau ɗaya yake zama sabo. Mai kunne irin namu, da ya busa sau biyu ya haddace, daga nan kuma ba karatu yake yi ba. Don haka kaɗan nake ɗauka kullum, minti goma da metronom na waya (manhajar da ke ƙirga bugu) a hankali, in littafin ya ƙare in buɗe littafin waƙoƙin coci in zaɓi wadda ban sani ba. Bayanan cikinsa da Turanci suke, wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai so malami a kusa.

Ranar jarrabawa na yi kuskure a nota ɗaya, ƙafata ba ta daina bugu ba, na kai ƙarshe, kuma na ci sashen. Wanda zai saya, ya fara daga babin da ke ƙasa da matakinsa, ko da yana ganin ya wuce wurin.