Clethra mai dabbare-dabbaren ganye ta biya kuɗinta

Filin da ke bayan gidana a jihar Maryland ta Amurka inuwa ce da danshi, duk abin da na dasa ruɓewa yake yi. Mai sayar da shuke-shuke ya ce in gwada Clethra, wata ƙaramar bishiyar furanni, nau'in Creel's Calico, mai koren ganye da yayyafin fari. Bayan sanyi ta yi jinkirin tohowa, har maƙwabciyata ta ce ta mutu. Ashe halinta ke nan. Da Agusta ta yi, sai ga fararen furanni kamar zangarniyar gero, ƙamshi har kicin, ƙudan zuma kuwa ba a magana.

Ƙasa mai tsami take so, don haka kada a zuba mata toka, tunda toka na rage tsamin ƙasa, kuma kada gindinta ya bushe. Aibinta ɗaya: saiwar na yaɗo, sabbin tsiro na ɓullowa ta ko'ina, sai an riƙa tsigewa.