Wata huɗu ina amfani da Linux Mint a tsohuwar laftof ɗina, ga yadda muka kwashe

Tun ranar da na gaya wa abokai cewa na sauke Windows daga laftof ɗina na ɗora Linux (shi ma tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows) ake ta damuna da tambaya, wasu da gaske suke son sani wasu kuma zolaya ce kawai, wai yanzu ka koma irin mutanen nan masu zama gaban baƙin allo suna buga rubutu kamar masu kutse? Shi ya sa na ce bari dai in zauna in faɗi komai a wuri ɗaya, daɗin da wahalar, kowa ya huta.

Laftof ɗin ba sabuwa ba ce, tun 2016 take hannuna, Core i5 zubi na shida, RAM giga 8, kuma shekarun baya na cire mata tsohon faifan nan mai juyawa na sa mata SSD, sabon nau'in faifai mai sauri. Ba abin da ya same ta. Kibod lafiya, sikirin lafiya, batir ne kawai ya gaji wanda wannan kam dole ne. Abin da ya faru shi ne Windows 10, wadda ta fito a Yulin 2015, ta kai ƙarshen wa'adinta ranar 14 ga Oktoba 2025, daga ranar an daina turo mata gyaran tsaro na kyauta irin na da. Ita kuma Windows 11 tana da sharuɗɗanta, sai da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro ne a cikin kwamfuta), sannan furosesa ta Intel a galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama. Tawa zubi na shida, ka ga ba ta cikin lissafi. A lokacin akwai hanyar ƙarin wa'adi na shekara ɗaya zuwa Oktoban 2026, ko ka biya dala 30 ko ka haɗa da asusun Microsoft ka bi wasu sharuɗɗa, amma ni da na duba sai na ga ɗage ranar kawai zan yi, bayan shekara zan dawo inda nake. Akwai kuma dabarun da mutane ke yi su tura Windows 11 ɗin da ƙarfin tsiya a kan na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, ban so wannan ba don ba ni son kullum ina zaman ɗar-ɗar ko wata sabuntawa za ta zo ta ƙi hawa.

Linux iri-iri ce, na zaɓi Mint ne a cikinsu saboda duk wanda na tambaya abu ɗaya yake faɗa, ita ce mafi sauƙi ga wanda ya taso da Windows. A kan wata Linux ɗin mai suna Ubuntu aka gina ta, wani Bafaranshe Clément Lefebvre ne ya fara ta a 2006, kuma abin da ya ba ni dariya kowace fitowa sunan mace suke sa mata, ta 22 Wilma, ta bayanta Xia, sai Zara. Jerin 22 ɗin gaba ɗaya za a ci gaba da kula da shi har 2029, wannan ne ma ya fi kwantar min da hankali. Kala uku ce ta fuskar yadda take fitowa a sikirin, Cinnamon da MATE da Xfce, na ɗauki Cinnamon tunda RAM ɗina ya isa, masu Mint ɗin da kansu sun ce giga 2 zai yi amma giga 4 ya fi.

Abu na farko da ya burge ni, kuma ina ganin mutane da yawa ba su san da shi ba, shi ne ba sai ka goge komai ba kafin ka ɗanɗana. Ka sauke fayil ɗin, kusan giga 3 ne, ka rubuta shi a kan filash da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ka kunna kwamfutar daga filash ɗin, shi ke nan ga Mint a gabanka tana aiki ba tare da ta taɓa faifanka ba. Na yi kwana biyu a haka ina leƙe-leƙe, in na cire filash Windows ɗina ta dawo kamar ba a yi komai ba. Gani ya kori ji. A rana ta uku na kwashe fayilolina zuwa wani faifan waje na danna ɗorawa, kafin minti ashirin an gama, kuma ba wanda ya ce min sai na buɗe asusu ko sai na ba da imel ko lambar waya, suna kawai da kalmar sirri. Sai da na tsaya ina kallon sikirin ina jiran shafin da zai tambaye ni ko na yarda a riƙa nuna min talla daidai da ra'ayina, shiru, bai zo ba.

Amma fa ban tsira ba. Wi-Fi ya ƙi fitowa kwata-kwata, ko alamar babu. Ashe katin Wi-Fi da ke cikin laftof ɗin na wani kamfani ne da ba ya sakin direbansa (manhajar da ke sa katin aiki) a buɗe, to ba ya zuwa kai tsaye. Na yi ta zagaye kusan awa guda kafin dabara ta zo min, na jona wayata da kebul na ba laftof ɗin intanet ta nan, na buɗe Driver Manager, wato inda ake ɗora direbobi a Mint, sai ga direban a jere yana jirana, dannawa ɗaya na sake kunnawa ya kama. Abin haushin ma a kwana biyun da na yi ina gwaji da filash da kebul ɗin intanet nake amfani shi ya sa ban lura ba. Don haka duk mai son gwadawa ya duba Wi-Fi da sauti da kyamara da Bluetooth tun yana kan filash, kar ya yi irin tawa.

Gudu kam ba a magana. Da can in na kunna ta sai fanka ta yi ta huci kamar an biyo ta, yanzu shiru, in ba na buɗe shafuka ashirin a Firefox ba ba na jin motsinta. Sabuntawa kuma ita ce abin da na fi so a duk tafiyar: wata ’yar garkuwa ce a ƙasa gefen agogo take nuna maka akwai sabo, in ka ga dama ka danna yanzu in ka ga dama gobe, kuma manhajojin da ka ɗauko daga ma'ajiyarsu duka tare ake sabunta su a wuri ɗaya, ba kowace ta riƙa buɗo maka tagarta daban ba. Ba ta taɓa kashe kanta ina tsakar aiki ba. Firinta ma da na ɗauka za mu yi dambe, ina jona ta ta gane ta, ban ɗora komai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardun ofis. Microsoft Office ba ta da zubin Linux, haka Photoshop da sauran kayan Adobe, wannan ka sa a ranka tun kafin ka fara. LibreOffice ce ke zuwa a ciki a madadin Office, kuma ga rubutuna na yau da kullum da ɗan lissafin tebur ta ishe ni har da saura. Matsalar tana zuwa ne in wani ya turo maka takarda. Akwai ranar da abokin aikina ya turo min rahoto mai shafi goma sha biyu, na buɗe na ga ya zama sha huɗu, teburin da ke shafi na uku ya tsinke rabi ya gangara na huɗu, na gyara abin da zan gyara na mayar masa, can sai ga kira, malam me ka yi wa takardar nan? Daga baya na gano ba komai ba ne illa salon haruffa. Shi da Calibri ya rubuta, ni kuma babu shi a na'urata tunda mallakar kamfani ne, sai manhajar ta maye da wani mai faɗi daban, layuka suka goce. Maganin ashe ɗan ƙarami ne, akwai Carlito da aka yi shi daidai da awon Calibri, da Caladea a madadin Cambria, ina ɗora su yawancin rikicin ya kwanta. Ban ce duka ba. Takarda mai ado da yawa ko teburin Excel mai macro (ƙananan umarnin da ke yin aiki da kansu) har yanzu ba na wasa da su, sai in buɗe Office na cikin burauza, in kuma ni zan tura wa wani abin da karantawa kawai zai yi to PDF nake mayar da shi kowa ya zauna lafiya.

Sai maganar baƙin allon da ake tsokanata da shi. Gaskiya a wata huɗun nan bai fi sau biyar na buɗe taminal, wato baƙin allon da ake buga umarni, don dole ba. Amma sau ɗaya na buɗe don rawar kai, kuma na ji a jikina. Sautin sifika ne na ga kamar bai kai yadda nake so ba, na je na samo wasu layukan umarni a intanet da wani ya rubuta shekaru da suka wuce don wani zubin daban, ban karanta ba ban fahimta ba na kwafa na liƙa na sa kalmar sirri. Garin gyaran gira aka rasa ido, sauti ya ɗauke ɗungurungum, ga taron bidiyo ina da shi da safe. Abin da ya cece ni Timeshift ne, wata manhaja da ke ɗaukar hoton yadda tsarin yake ta ajiye, wadda tun ranar farko allon maraba ya ce in kunna na kunna ba don na san amfaninta ba. Na zaɓi hoton jiya, na danna maidowa, ta sake kunna kanta, sauti ya dawo. Wallahi sai da na yi ajiyar zuciya. A lura dai, tsarin take maidowa ba fayilolinka ba, hotunanka da takardunka kai za ka san inda ka ajiye kwafinsu.

Wasanni ba ni da yawa a kai. Tun da kamfanin wasanni na Valve ya fito da Proton, manhajar da ke tafiyar da wasannin Windows a Linux, a 2018 sannan na'urar wasa ta Steam Deck a 2022 abubuwa sun canza sosai, wasannin Windows da dama suna tafiya, amma irin su Fortnite da Valorant ba sa yi saboda manhajarsu ta hana maguɗi. In su ne rayuwarka, zauna inda kake.

Abin da wannan tafiyar ta sa na riƙa tunani a kai shi ne wai wa ke yanke ranar mutuwar na'ura. Na fahimci hujjar tsaro, TPM ba ƙarya ba ne, yana da amfani wajen adana makullan sirri, kuma shekara goma ana kula da manhaja ɗaya ba kaɗan ba ne, ba wanda zai ce a yi ta har abada. Amma ga ƙarfe nan a gabana yana aiki garau, ranar ƙarewarsa kuma a kalandar wani take. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba wanda aka tattara aka sake sarrafawa yadda ya dace. Tarayyar Turai ta fara taɓa wannan ɓangaren a wayoyi, daga Yunin 2025 duk wayar da za a fito da ita kasuwarsu sai an ba ta sabuntawar manhaja na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da ita, da kayan gyara na shekara 7. Ni a ganina irin wannan ya kamata ya biyo kan kwamfuta, ko aƙalla a tilasta wa masu ƙera kati da sauran kayan ciki su saki bayanan direbobinsu in sun daina kula da su, don wasu su ɗora daga nan. Da haka ake yi da ban ɓata awa guda a kan Wi-Fi ba.

Su ma gwamnatoci suna ta kai-kawo a kan lamarin. Jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, hujjarsu ita ce kada bayanan gwamnati da aikinta su dogara da kamfani ɗaya na wata ƙasa. Amma kafin masu son Linux su fara tafi, a tuna birnin Munich ya riga su yin haka da nasa zubin Linux mai suna LiMux, aka yi shekaru ana yi, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ni yanzu na fahimci dalilin da irin wannan ke faruwa fiye da da, don in takarda ɗaya mai shafi sha biyu ta sa ni da abokin aikina mun yi ƙaramar rigima, ina ga ma'aikata dubbai da tsofaffin manhajojin da aka rubuta musu musamman don Windows. Kyautar da ake cewa Linux take a kuɗin lasisi ne kawai, lokacin koyo kai za ka biya. Kuma abin mamaki yawancin masu cewa ba za su iya Linux ba tana aljihunsu, tunda Android a kan ƙwayar Linux ɗin, wato tushen tsarin, da Linus Torvalds ya fara a 1991 take zaune.

To wa zan ce ya gwada? Wanda aikinsa burauza ne, imel, kallon bidiyo, rubutu, karatu, kuma yana da na'urar da Windows 11 ba ta karɓa ba, wannan ya nemi filash ya gwada yau, ba abin da zai rasa. Na ɗora wa ƙanwata ma a tata wadda ta fi tawa tsufa, Xfce na sa mata saboda RAM ɗinta giga 4 ne, sati biyu ba ta kira ni ba sai ranar da ta manta kalmar sirri. Wanda kuma abincinsa ke kan Photoshop ko AutoCAD ko wata manhajar lissafin kuɗi ta wurin aiki, kar ya bari wani mai zumuɗi ya ruɗe shi, ya tsaya ya tabbatar tukuna ko ya raba faifan biyu ya ajiye duka.

Ni dai in maki ne zan ba ta takwas cikin goma, biyun da na cire na takardun ofis ne da kuma yadda in abu ya lalace amsoshin da za ka samu rabinsu na tsofaffin zubi ne sai ka iya tantancewa. Akwai wata manhaja ɗaya tak ta sabunta wata na'urata da sai a Windows take yi, don ita na bar tsohon faifan nan mai juyawa a durowa da Windows 10 a kai, sau ɗaya na ciro shi a wata huɗun nan, na cire kebul ɗin intanet kafin in kunna. Sabon batir nake nema yanzu, in na samu in ga ko za mu kai 2029 ɗin tare.