A yi hattara da motar hannu mai injin da ke ƙyalli

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin sayen mota ta hannu, da wanda ya riga ya saya ya fara ganin ɗigon baƙin mai a inda take kwana. Akwai wata damfara da ake yi da yoyon mai wadda ba ta yi kama da damfara ba, domin babu wanda zai karɓi kuɗinka ya ɓace. Motar tana hannunka, mai sayarwa yana nan, wayarsa tana shiga. Sai dai ana cin ka sau biyu, ranar ciniki da ranar gyara, kuma sau da yawa masu cin sun san juna.

Zagaye na farko yana farawa kwana ɗaya ko biyu kafin ka zo ganin mota. A fesa wa inji maganin narkar da maiƙo, a bi shi da ruwa mai ƙarfi, a shanya, a shafa wa robobi da tiyo abin sa ƙyalli. Kana ɗaga murfin gaba sai ka ga inji fes kamar yau aka ƙera shi, dillali kuma yana gefe yana cewa, "Alhaji, duba da kanka, ko ɗigo babu." Gaskiya ya faɗa, ko ɗigo babu, don an wanke shaida. Motar da ta shekara 12 ta ci kilomita 200,000 dole a ga ƙura a jikin injinta, da ɗan gumin mai a nan da can. Wannan ƙurar ce ke ba ka labari: inda ta bushe lafiya ce, inda ta jiƙe ta yi danƙo nan mai yake bi. Ba kowane mai wanke inji ne macuci ba, amma ruwa ba ya tsami banza, in ka tarar da injin ya fi kujerun motar tsabta ka tambayi dalili.

Wanki ba ya tsayar da yoyo, ɓoye shi kawai yake yi, don haka sai su haɗa da wasu dabaru. Injin da kamfani ya ce a zuba masa mai marar kauri irin 5W-30 ko 0W-20 sai a ɗura masa mai kauri irin 20W-50, wani ma ya ƙara da maganin kaurara mai. Mai mai kauri ba ya saurin bi ta ƙaramar kafa, yana kuma danne ƙarar inji da ya fara sassautawa daga ciki. Sannan akwai ruwan kwalba da ake sayarwa da sunan maganin yoyo. Aikinsa shi ne ya laushe robar sil, wato zoben robar da ke tare mai, ya ɗan kumbura ta, ta sake kama ƙarfe na wani lokaci. A kan sil ɗin da ya bushe kawai yana iya ragewa, amma gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin sassan inji biyu don kada mai ya fita, in ya yage, ko murfin da ya tsage, babu abin da zai yi musu. Mai sayarwa bai damu ba, abin da yake nema shi ne motar ta yi shiru har kuɗi su shiga hannunsa.

Sai maganar gam, kuma a nan ina so a fahimce ni da kyau. Ganin gam a jikin inji ba laifi ba ne, don kamfanoni da dama, har da Toyota, suna rufe kaskon mai na ƙasa da murfin gaban inji da gam tun daga masana'anta, ba da gasket ba. Na kamfani siriri ne, daidai wa daida, ya ɗan leƙo a layi ɗaya. Na macuta kuwa laɓta shi ake yi da yatsa ta waje, a kan tsohon gasket, a kan maiƙo, har kan kusoshi, wani lokaci launi biyu ko uku a wuri ɗaya. Gam ba ya kama wurin da ke da maiƙo, kwanaki kaɗan zai saki. Mafi muni shi ne wanda aka cika da yawa aka ɗaure murfi a kai: yadda ya tumbatso ta waje haka ya tumbatso ta ciki, guntayensa su gutsure su faɗa kaskon mai, su je su toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Daga nan mai ya daina isa sama, kai kana tafiya ba ka sani ba, sai inji ya buga. Kuma kada ka dogara da jar fitilar mai ta faɗakar da kai, akwai masu cire ƙwanta ko su liƙe ta ta baya. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar mai dole ta kama tare da sauran, sannan ta mutu da zarar inji ya tashi. In tun farko ba ta kama ba, ka ajiye musu makullinsu.

Abin da zai cece ka a ranar ciniki ba shi da wuya. Ka ce kana son ka tarar da motar a sanyi, kana zuwa ka ɗora hannu a kan inji, in da ɗumi an riga an tayar don a ɓoye hayaƙi ko ƙarar tashin farko. Dubi inda aka ajiye ta; in kan yashi ne ko ƙasa jiƙaƙƙiya, a matsar da ita. Zaro sandar awon mai ka murza tsakanin yatsu, man da ya yi yauƙi fiye da kima ba ya ɓuya. Ka tuƙa ta kamar minti 30 har ta yi zafi sosai, ka tsaya a kan siminti, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ka bar ta tana aiki, ka shiga da tocila. Kallon sama ba ya isa, masu wanki sukan manta da ƙasa, musamman inda inji ya haɗu da giyabos. Ka sa wani ya tsaya a baya ya kalli salansa lokacin da ka taka totur, shuɗin hayaƙi na nufin inji yana ƙona mai, wannan kuma wata matsala ce dabam da gasket ba zai magance ba. Makanikin da zai duba maka ya zama naka, ba wanda mai mota ya kira ba.

To, a ce duk wannan ya wuce ka, ka saya, bayan mako ɗaya ko biyu ga tabo a ƙasa. Nan zagaye na biyu yake farawa, kuma shi ne ya fi cin kuɗi. Ka kira mai sayarwa, ya nuna mamaki, ya ce lafiya lau ya ba ka, amma kada ka damu, akwai yaronsa da ya san motar ciki da bai. Ka kai. Mutumin ya leƙa ƙasa, ko tocila bai kunna ba, ya miƙe yana girgiza kai: "Yallaɓai, gasket ɗin kan silinda ne, sai an sauke kai." Ko ya ce sil ɗin bayan karanshaf ne, wanda ke mahaɗar inji da giyabos, sai an sauke giyabos. Lura da kyau, kullum ɗaya daga cikin biyun nan ake ambata, saboda su ne suka fi kuɗin aiki, kuma su ne mai mota ba zai iya gani da idonsa ba.

Ga abin da ba za su gaya maka ba. Mai gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Saboda haka inda ka ga yana ɗiga kusan ba nan ne tushensa ba. Gasket ɗin murfin saman inji, wanda roba ce da zafi ke busarwa har ta yi tauri ta tsattsage, in ya saki ta baya sai man ya bi jikin inji ya sauka daidai mahaɗar giyabos, ya yi kama da sil ɗin baya sak. In ya bi ta gefe kuma ya taru a layin kan silinda, sai a ce gasket ɗin kai ne. Wannan aikin murfi a injuna da yawa na awa ɗaya ne ko biyu. Akwai ma waɗanda suka fi shi sauƙi: ɗan zoben da ke ƙarƙashin kusar juye mai da aka yi ta maimaitawa, filtar da ba ta zauna ba ko wadda tsohuwar robarta ta manne aka ɗora sabuwa a kai, da ɗan makunnin fitilar mai da ke tsiyaya ta cikin kansa. Sai wani da ake yawan mantawa, bawul ɗin da ke fitar da iskar cikin inji, wanda ake kira PCV. In ya toshe, iska ta taru ta rasa mafita, sai ta riƙa tura mai ta kowane sil. Ka canja gasket goma, muddin ba a taɓa shi ba yoyo zai dawo, shi kuwa abu ne ɗan ƙarami mai araha.

Makaniki na gaskiya ba ya faɗin tushen yoyo da kallo ɗaya a kan injin da ya jiƙe ko'ina. Wanke shi zai yi, ya busar, ya sa a yi tafiya, sannan ya bi sawun man daga ƙasa zuwa sama har inda ya fara. Wasu kan barbaɗa farar hoda don sawun ya fito, wasu su zuba rini a cikin mai su haska da fitila ta musamman. Wanke inji a nan neman gaskiya ne. Shi kuma gasket ɗin kan silinda yana da nasa alamomi: mota tana yawan zafi, ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri ko bayan inji ya ɗumama, kumfa tana tasowa a lagireto, mai ya koma fari-fari. Ana tabbatarwa da awon matsin kowace silinda, ko da wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto wanda ke komawa rawaya in hayaƙin inji yana shiga ruwa. Ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai shi kaɗai ba hujja ba ce, motar da ke gajeren zirga-zirga cikin sanyi takan yi haka. Ban ce gasket ɗin kai ba ya yoyo ta waje ba, yana yi, injin Subaru EJ25 ma ya yi suna a kan hakan. Abin da nake cewa shi ne a nuna maka, kada a faɗa maka kawai.

In ka amince ba tare da hujja ba, abu biyu ne ke faruwa, kuma ni a ganina na farkon ma ya fi sauƙi. Na farko, ya riƙe motar kwana uku, ya canja robar murfin sama, ya wanke inji, ya karɓi kuɗin sauke kai. Yoyo ya tsaya, ka yi masa godiya har ka tura masa wani. Na biyu, ya buɗe da gaske injin da ba ya buƙatar buɗewa. Kan silinda na alminiyam yana son a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya lanƙwashe, a wasu injuna iyakar abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 ba. Kusoshinsa ana ɗaure su bi da bi, daga tsakiya zuwa waje, da sifana mai awo, kuma a injuna da yawa na zamani kusoshin miƙewa suke yi in an ɗaure, ba a maimaita su. Wanda ya fara da ƙarya ba zai tsaya yin wannan ba. Zai mayar da tsoffin kusoshi, ya ɗaure da ƙarfin damtse, ya sa maka jabun gasket da aka saka a ledar babban kamfani. Bayan 'yan watanni ka samu ainihin ciwon da aka ƙaga maka, ka koma, ya ce ai motar ce ta tsufa.

Don haka kafin a kwance ko kusa ɗaya, ka sa a nuna maka tushen yoyon da yatsa, ka ɗauki hoto. A rubuta maka aikin da za a yi da kayan da za a sa. Ka ce kana son tsoffin kayanka, kuma kana son ganin injin a buɗe kafin a rufe, ko da ta bidiyo ne. Tsohon gasket kaɗai ba ya isa shaida, gareji cike yake da na wasu motoci. Kayan gyara ka sayo da kanka da lambar injinka in da hali, ka duba ramukan sabon gasket su yi daidai da na tsohon, ba a yanka ba, ba a faɗaɗa da wuƙa ba. Duk aikin da ya kai ga sauke giyabos ko kan silinda, ka ji ta bakin makaniki na biyu wanda bai san na farkon ba, kuma kada ka gaya masa abin da aka ce maka. Mai gaskiya ba ya fushi da wannan. Wanda ya fara cewa in ka matsa da motar nan inji zai buga yau, alhali awon mai a cike yake, tsorata ka yake yi.

Ba kowane yoyo ne na gaggawa ba. Gumin da ke tara ƙura amma ba ya ɗiga, kuma awo ba ya sauka, ana iya sa masa ido a ci gaba da tafiya. Wanda ba ya jira shi ne mai ɗiga a kan bututun salansa mai zafi, za ka ji ƙauri, kuma yana iya tayar da wuta. Da wanda ke jiƙa taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin, don mai yana cin robar bel, in ya tsinke a wasu injuna fistin zai daki bawul. In kuma kana ganin an riga an cuce ka, kada ka bari a sake wanke injin kafin wani makaniki ya duba ya rubuta abin da ya gani, ka adana saƙonnin da kuka yi da mai sayarwa da takardar ciniki, su za ka riƙe in magana ta kai gaban hukuma. Kafin nan ka riƙa duba awon mai kowace safiya a wuri mai daidaito, ka ajiye lita ɗaya a but, jar fitila kuma tana kamawa ka sauka gefen hanya ka kashe inji nan take.