Jakar ajiye batirin keken lantarki: ra'ayina bayan na yi amfani da ita

Jama'a ga abin da na gani game da jakar nan da ake cewa wai wuta ba ta cinta. Gaskiya ɗinkin yana da kyau, yadin fayibagilas ne, wato na zaren gilashi, mai kauri an shafe shi da silikon, zif ɗin ma mai ƙarfi ne, batirina mai 48V ya shiga daidai har da ɗan fili. Sai dai in ka goga hannu a cikinta wani lokacin tana sa ƙaiƙayi.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne masu ɗauka da zarar batir ya shiga jaka shikenan an gama. Wallahi ba haka ba ne. Batirin keke fa ƙananan batura ne da yawa, irin samfurin da ake kira 18650, aka jera a ciki, in ɗaya ya yi zafi ya kama sai ya kunna na kusa da shi, haka za su yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, ga hayaƙi mai guba da zai fito ta bakin zif ko an ƙi ko an so, kuma ko an kashe wutar tana iya sake tashi daga baya. Irin jakar nan tun asali don baturan motoci da jiragen wasa masu rimot aka fara yinta, na keke ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Iyakacinta ta rage tartsatsi ta ba ka ɗan lokacin fitar da iyali.

Ni dai ba na caji a cikinta a rufe, don zafi take tarawa. Ajiya kawai nake yi, in zai daɗe ban hau ba sai in bar cajin tsakanin kashi 40 zuwa 60, nesa da rana, kuma don Allah kar a ajiye a bakin ƙofar da za a bi a gudu. Caja ma ta asalin batirin nake amfani da ita, mai 54.6V, wadda ta dace da batir mai 48V. Batirin da ya kumbura ko ya faɗi ya tsage kuwa waje za a kai shi, jaka ba ta gyara shi.

Zan ce a saya, amma in kuɗinka na abu ɗaya ne fara sayen na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi, sannan ka duba ko batirinka na da shaidar gwaji irin UL 2271.