Madubin hangen taurari mai araha: ya biya kuɗinsa kuwa?

Duk wanda zai sayi ƙaramin madubin hangen taurari, kada ya yarda da abin da aka rubuta a kwalinsa. Nawa, wanda na sayo a wani shago a Sabon Gari cikin Kano, an rubuta yana girmama abu sau 300. Faɗin bakinsa milimita 70 ne, kuma mai irin wannan baki, da an wuce sau 140 hoto ya dagule. Ƙafafunsa uku kuma shafal suke. Iska ta ɗan kaɗa, ko yaro ya taɓa, sai wata ya hau rawa. Sai da na rataya jarkar ruwa a tsakaninsu sannan ya natsu. Duk da haka ban yi da-na-sani ba, ko da yake kuɗinsa sun kai na tunkiya.

Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Rashin wutar lantarki da muke kuka da shi, a nan riba ya zama, don bayan isha'i samanmu baƙi ƙirin yake.

Inda madubin ya fi burge ni shi ne duniyar Mushtari (Jupiter). Ana ganinsa kamar ɗan faifai, da ɗigo huɗu a jere a gefensa, watanninsa ke nan da masanin taurari Galileo ya fara gani a 1610. Na sa yara su zana inda suke a littafi, washegari da dare muka sake dubawa, sai ga jerin ya canza. Na ciki, Io, sa'o'i 42 ne kawai ya kewaye Mushtari. Abin da na yi shekaru ina zanawa a allo suna gyangyaɗi, suka gani da idonsu.

Ranar da muka duba namu watan, limamin unguwa ya zo. Ya daɗe da ido a madubin yana kallon ramukan da ke bakin haske da duhu, sannan ya ɗago.

"Malam, in duniya ce ke jansa, me ya hana shi faɗo mana?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, faɗowar yake yi, amma yana gudu ta gefe, kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa, shi ya sa kullum yake kewaye mu maimakon ya same mu."

Wata yarinya ta tambaya ko shi ma yana janmu. Wannan madubi ba zai nuna ba, kuma ita ce tambayar da ta fi. Jan na juna ne. Dubi ɗan garuwa da sandarsa: in garwa ɗaya cike take, ɗayar kuma ɗan ruwa ne a ciki, sai ya matsar da kafaɗarsa can kusa da mai nauyin. Duniya ta ninka wata nauyi sau 81, don haka wurin da su biyun suke kewayawa yana cikin duniya, wajen kilomita 4,670 daga tsakiyarta, wato kilomita 1,700 ƙasa da inda muke takawa. Duniya ma tana ɗan lilo a kan wannan wuri kowane wata. A Pluto, ƙaramar duniya can nesa, wanda watansa Charon ya kai rabin faɗinsa, wurin ya fita waje gaba ɗaya, a sarari tsakaninsu yake, kuma kowanne fuska ɗaya yake nuna wa ɗan'uwansa.

Namu watan ma fuska ɗaya yake nuna mana, don jan duniya ya rage masa juyawa har ta yi daidai da kewayensa, kwana 27 da 'yan sa'o'i. Wannan kam madubin ya tabbatar: tabon da ka gani bara, shi ne bana. Akwai wani baƙin tabo mai siffar ƙwai kusa da gefe, wani lokaci ya matso baki, wani lokaci ya ja ciki. Saboda wannan ɗan leƙe ne ake iya ganin kashi 59 cikin ɗari na jikinsa a hankali.

Ramuwar wata kuwa a teku take, wanda mu a Jigawa sai labari. Shi ke sa ruwa ya hau ya sauka a gaɓar Legas, kuma gogayyar ruwan nan tana rage wa duniya saurin juyawa, shi kuma watan yana ƙara nisa da santimita 3.8 a shekara. An auna haka da madubban da 'yan sama-jannatin Apollo suka bari a kansa tun daga 1969.

In za ka saya, ka sa mai shago ya buɗe kwalin a gabanka, ka tabbatar akwai gilashin ido mai lamba 20 ko 25, da shi za ka fi aiki. Lokacin hazo ka ajiye shi a ɗaki, ƙura ce kawai za ta cika shi. Ƙarshen damina ne sama ke wankuwa. In kuma ka tarar da ɗan baƙin gilashi a ciki wai na kallon rana, jefa shi a masai kafin yara su gan shi, don zafi na iya fasa shi ido yana kai.