Gargaɗi ga iyaye a Jos: a kula da mai tallar kayan haɗa ƙaramin jirgin ruwa

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke yawo da talla a Facebook da zaurukan WhatsApp na unguwanninmu, tun daga Unguwar Rogo har Rikkos da Gangare, wai yana sayar da cikakkun kayan haɗa ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda yaro zai zauna ya harhaɗa da hannunsa. Ɗan damfara ne. Kada kowa ya tura masa ko sisi.

Ni aikin katako nake koyarwa, kuma na daɗe ina sassaƙa irin waɗannan jirage da yaran layinmu a ranakun hutu, shi ya sa iyayen da abin ya rutsa da su suka kawo mini kukansu. Ban sa suna ko lamba ba, domin sauya su yake yi, kuma mai yiwuwa sunan da ke kan asusun na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Salonsa dai ɗaya ne. Zai sa hotunan jirage masu sheƙi a kan wani tafki mai koriyar ciyawa, ya ce kayan suna Legas, saura kaɗan su ƙare. Sai ya nemi rabin kuɗi kafin alƙalami. Bayan kwana biyu ya ce kaya sun maƙale a hannun kwastan, a ƙaro. Daga nan kuɗin mota, daga nan kuɗin yaron da zai kai tasha. Ranar da ka ce ka gaji a dawo maka da kuɗinka, ranar zai toshe lambarka.

Wasu kuma yakan aiko musu da kwali, don su yi masa shaida a zaure kafin su gane. Wata maƙwabciyarmu ta kawo mini nata, ɗanta yana biye da ita. Ta ce, "Malam, don Allah duba mana, yaron nan ya kwana yana fama abin ya ƙi haɗuwa." Na zazzage a kan benci. Guntayen falanki ne na akwatin kaya, har da ramukan ƙusa a jiki, an yanka su da hannu ba ɗaya da ya yi daidai da ɗan'uwansa. Sai tsinken tsire guda biyu a matsayin sandar ƙyallen da ke kama iska, da farar leda, da ɗan gam irin na manna takarda wanda ruwa na taɓa shi zai saki. Babu zanen da za a bi. Yaron ya tsaya yana kallon hannuna ko zan yi wata dabara. Kuɗin da ya tara ne tun barka da sallah, uwar ta cika masa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe, domin da shi za ka kama maƙaryaci ko da ya sake suna. Ƙaramin jirgi irin wannan da iska ke turawa ba ya tsayuwa a kan ruwa sai da nauyi a ƙasansa. Iska tana bugun ƙyallen daga gefe tana neman kwantar da jirgin, nauyin da ke rataye can ƙasa shi ke dawo da shi tsaye. Shi ya sa ake maƙala wani dogon faranti a cikin jirgin ta ƙasa, a bakinsa a sa curin dalma. Farantin kuma yana hana jirgin zamewa gefe, sai ya riƙa yin gaba. A jiragen gasa masu tsawon mita 1 da ake tuƙawa da rimot a ƙasashen duniya, ƙa'ida ita ce jirgin gaba ɗaya kada ya gaza kilo 4, kuma farantin nan da dalmarsa kaɗai suna ɗaukar kilo 2.2 zuwa 2.5. Wato fiye da rabin nauyin jirgin yana ƙarƙashin ruwa. To mutumin nan yana tallar jirgi mai girman haka, amma kwalin da ya aiko yaro zai ɗaga shi da yatsu biyu.

Saboda haka ka tambayi duk mai talla: nawa ne nauyin dalmar ƙasa, kuma meye tsawon jirgin? Ka ce ya ɗauki bidiyo yana riƙe da kayan, ya ambaci sunanka da ranar. Wani ɗalibina ya gwada shi da tambayar, sai ya amsa da cewa, "Alhaji, ai namu na zamani ne, ba ya buƙatar nauyi." Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai sayar da kayan gaske ya san bambancin jirgin ado da ake ajiyewa a kan kanta da jirgin da ake sakawa a ruwa, kuma zai gaya maka tun kafin ka tambaya.

Yana kuma cika baki da katakon balsa. Balsa itace ne marar nauyi da ake kawowa daga Kudancin Amurka, galibi ƙasar Ekwado, yana da taushin da farce zai shige shi. Abin da na gani a kwalin nan ko kusa. Hotunan ma ba nasa ba ne. Mun sa ɗaya a Google Lens, manhajar da ke gano inda hoto ya fito, nan take ya fito a shafin wani shagon ƙasar waje.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, jirgin farko na yaro ba ya buƙatar komai daga Legas. A shiga Kasuwar Katako a nemi guntun malaina ko obeche busasshe mai tsawon taƙi biyu, kafintoci ma sukan bayar da ragowar aiki. A zana siffar jirgin, a fere, a rarake cikin, a goge da samfefa. Ƙyallen tsohuwar lema ya isa ya kama iska, ga shi ba ya shan ruwa. Farantin ƙasa a yanko daga gorar ruwa ta almini ko siririn falanki, a ɗaura masa ƙarfe mai nauyi, a manne da gam mai haɗi biyu irin na 'yan gyaran mota, a bi da fenti mai mai shafi biyu ko uku. Idan dalma za a sa, babba ne zai riƙe ta, a rufe ta da fenti, a wanke hannu, domin guba ce ga yara. Gwajin farko kuma a baho ko randa za a yi. Ina roƙon iyaye kada a bar yara su nufi kududdufan haƙar kuza da ke kewaye da garin nan da sunan gwada jirgi. Suna da zurfi, bakinsu na zaftarewa, kuma mun sha jin rayukan da suka ci.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru, shirun ne ke ba mutumin nan damar shiga wani zauren. Ka ɗauki hoton hirarku da rasit ɗin tura kuɗi kafin ya goge. Ka je bankinka a ranar, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. Idan mako 2 ya wuce ba su yi komai ba, ana iya kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya (CBN). A kuma sanar da 'yan sanda ko EFCC. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiyar mutane ta hanyar yaudara.

Masu kula da zaurukan unguwa da na iyayen yara a makarantu, don Allah ku duba ko tallar tana cikin naku, ku cire ta, ku sanar da mutanenku dalili. Waɗanda aka cuta kuma su haɗa takardunsu wuri ɗaya su je tare, domin ƙorafin mutane da yawa a kan asusu ɗaya ya fi saurin samun kulawa.